Yadda Ake Gina Rumfar Haihuwar Shanu da Kayan da Ake Tanada a Cikinta

Saniyar Bunaji ko Rahaji da ta saba da daji, akasari ita kaɗai take haihuwarta ba tare da kowa ya sa hannu ba. Shi ya sa masu shanu da yawa ba sa ganin dalilin ware mata wuri. Amma kiwon ya canza a Kano da Jigawa. Masu shanu goma ko ashirin a bayan gida sun yi yawa, kuma da damansu suna haɗa shanun gida da irin Firiziyan, wato shanun madara na Turai, ko da bijimi ko da allurar barbara irin wadda ake yi a cibiyar Kadawa. Maraƙin Bunaji yakan faɗo da nauyin kilo 20 zuwa 25. Ruwa-biyu kuwa yakan kai 30 ko ya haura, kuma idan karsana mai matsattsen ƙugu ce ke ɗauke da shi, haihuwar tana iya gardama. Rumfar haihuwa saboda irin wannan daren ake yin ta: wuri busasshe, mai haske, inda mutum biyu za su iya riƙe saniya su taimake ta ba tare da ta soke su ko ta zame ta karye ba. Don haka in kuɗi bai isa komai ba, a fara zuba shi a daɓe da turke. Bango da kwano suna iya jira.

Wurin da za a kafa ta

A nemi tudu, inda ruwan Agusta ba ya kwanciya. Hanya mafi sauƙi ita ce a je wurin da damina bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, a ga inda ya fara tsanewa. A ƙasar laka irin ta Kura da Kadawa, da garuruwan da kogin Haɗeja ke yi wa ambaliya kamar Auyo da Ringim, dole a yi ciko a ɗaga rumfar aƙalla ƙafa ɗaya da rabi sama da ƙasar da ke kewaye. A ƙasar rairayi irin ta Gumel da Maigatari da Ɓaɓura ruwa ba ya zama, ƙafa ɗaya ta isa, sai dai a nan ginshiƙai ne ke son rami mai zurfi.

Kada ta yi nisa da ɗakin mai kula da shanun. Taku arba'in zuwa hamsin ya yi, yadda zai ji nishin saniya da dare. Kada kuma ta ɓoye wa garke. Saniyar gida in aka raba ta da 'yan'uwanta ba ta ko hango su, sai ta tsorata, ta yi ta zagaye tana kuka, naƙudar ta tsaya cik. A bar ta tana ganinsu ta shinge. Rijiya ko burtsatsen da ake sha kuwa, a ba shi tazarar ƙafa 100 ko fiye, kuma kada ruwan wankin rumfar ya gangara wajensa.

Fuskar rumfa ta kalli kudu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina mai iska kuma daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas da na arewa su ne za a toshe. Kudu da yamma a bar su a buɗe da shingen ƙarfe ko na itace. Akwai wata riba kuma: daga Oktoba zuwa Fabrairu rana takan karkata kudu, sai ta shigo rumfar ta busar da shimfiɗa ta ɗumama maraƙi, da bazara kuwa tana tsakiyar ka, rufi ya tare ta. Zafin yamma shi ne abin da ya rage, kuma zana guda da za a rataya daga azahar zuwa la'asar sakaliya ta wadatar.

Girma da gini

Ɗaki ɗaya ƙafa 12 ne a kan ƙafa 12. Ana iya matsewa zuwa 10 a kan 12 in shanun ƙanana ne, amma ƙasa da haka saniya za ta kwanta da gindinta a jikin bango, a rasa inda za a tsaya a ja maraƙi. Ɗaki ɗaya yana ɗaukar garken shanu mata ashirin in haihuwarsu a warwatse take cikin shekara. Wanda ya yi wa shanunsa allurar barbara a mako guda, ya sani a tare za su haihu, sai ya yi ɗaki biyu ko uku a jere.

Bangon gabas da na arewa su kai ƙafa 5, daga nan zuwa rufi a bar shi fili don iska ta ratsa. Da bulo mai inci shida, kowane bango yana cin kusan guda 60 ban da na tushe. Tubalin ƙasa ma yana yi, muddin an yi masa yaɓen siminti ta ciki, domin tsagar bango maɓoyar kaska ce da kunama, kuma bangon da ba shi da yaɓe ba ya wankuwa. Rumfar da aka toshe ta ruf kamar ɗakin kwana, wai don kada maraƙi ya ji sanyi, ita ce ke jawo masa tari da ciwon huhu, saboda warin fitsari da tururi ba su da mafita. Abin da maraƙi ba ya so shi ne iska ta buga shi kai tsaye yana jiƙe, kuma bangon ƙafa 5 ya yi maganin wannan.

Ginshiƙai: bututun ƙarfe mai inci uku, ko azara, ko itacen ƙirya, waɗanda gara ba ta cika ci ba. Rami ƙafa biyu da rabi, a rairayi ƙafa uku, a cika da kankare. Masu shafa baƙin mai don gara su tsaya a ɓangaren da zai shiga ƙasa, don maraƙi yana lasar duk abin da bakinsa ya kai. Rufi ya yi tsayin ƙafa 10 ta kudu, ya gangara zuwa ƙafa 9 ta arewa, ruwan sama ya zuba a bayan bango ba a bakin ƙofa ba. Ya zarce ginshiƙai da ƙafa uku ta kowane ɓangare. Wannan yana cin kwano kusan bandir ɗaya da rabi. Kwano tsirara da azahar a watan Afrilu yana gasa dabba, don haka a shimfiɗa zana ko karan dawa a ƙarƙashinsa. Jinkar ciyawa ta fi sanyi kuma ta fi araha, sai dai tana son gyara duk shekara biyu, kuma ba a kai mata fitilar kananzir. Ko wanne aka zaɓa, a ɗaure rufin da waya a jikin ginshiƙai, ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi a iskar farkon damina.

Daɓe

A nan yawancin rumfuna ke lalacewa. Magini ya saba goge siminti ya yi sumul, in ba a tsaya a kansa ba haka zai yi. Da faya ta fashe, ruwan haihuwa mai yauƙi ya malale a kan irin wannan daɓen, saniya ta yunƙura za ta tashi sai ƙafafunta na baya su wage gefe da gefe. Sau da yawa wadda ta wage haka ba ta sake miƙewa, ƙarshenta wuƙar mahauci.

Hanya biyu ce mai kyau. Ta farko daɓen burji: a zuba tsakuwa inci huɗu a ƙasa, a bi da burji ko jar ƙasa inci takwas, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa har ya yi tauri. Ba ya santsi, yana da taushi a gwiwa, ba shi da tsada. Aibinsa ba ya wankuwa, don haka bayan kowace haihuwa sai an kankare saman da ya jiƙe, inci biyu, a cika da sabo. Ta biyu kankare: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kauri inci huɗu. Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 yana cin buhu 8 zuwa 9. Tun yana ɗanye a ja tsintsiyar kwakwa mai tauri a kansa, ko a danna rodi a fitar da layuka masu zurfin rabin inci, tazarar inci uku tsakaninsu. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai kafin dabba ta taka. Ga mai shanun madara da ke haihuwa a kai a kai, kankare ya fi, saboda wanki. Ga mai shanu biyar, burji ya ishe shi.

Kowanne aka yi, ya gangara zuwa kudu da inci uku a tsawon ƙafa 12, ya zube a buɗaɗɗen kwata da ke wajen shinge, kwatar ta kai ruwan wani rami da aka cika da duwatsu. Gangaren da ya wuce haka yana da illa: saniyar da ta kwanta gindinta a ƙasa tana nishi ta fi saurin fitar da mahaifa waje.

A kan daɓen sai shimfiɗa. Karan shinkafa ko na alkama busasshe ya fi komai, kuma yana samuwa a wuraren noman rani in an tara shi tun lokacin casa. Kauri inci shida a kan burji, kusan ƙafa ɗaya a kan kankare. Yashi mai tsabta inci shida a ƙasa da kara a sama ya fi kowanne shi kaɗai. Buntun shinkafa da garin katako suna manne wa jiƙaƙƙen maraƙi a hanci da cibiya, a bar su a ƙasa kawai in za a yi amfani da su. Gwajin shimfiɗa shi ne a durƙusa a kai na ɗan lokaci: in gwiwar wando ta jiƙe, canji ya yi.

Turke da ƙyauren matsewa

Irin maƙalar wuya ta ƙarfe da ake gani a gonakin Turai an yi ta ne don shanu marasa ƙaho. Rahaji ba za ta iya cusa kanta a ciki ba. Abin da ya dace da shanunmu turke ne da ƙyaure.

A kusurwar arewa maso gabas, a kafa turke na bututu mai inci huɗu, ƙafa uku daga bangon gabas, ƙafa biyu daga bangon arewa, zurfin ƙafa uku cikin kankare. A sa mai walda ya maƙala masa zobe a tsayin ƙafa biyu daga ƙasa, ya kuma rataya masa ƙyauren bututu mai tsawon ƙafa 7 da tsayin ƙafa huɗu da rabi. In za a duba saniya, sai a ɗaure ƙahonta a zoben tana fuskantar arewa, a turo ƙyauren ya matse ta da bangon gabas, a kama ƙarshensa da igiya a wani zobe da ke jikin bangon. A haka gefen damanta ne ke bango, hagunta yana buɗe, kuma ta hagu likita ke yin fiɗa in abin ya kai ga haka. Sandunan tsakiyar ƙyauren su zama masu zarewa, don a kai hannu ga ciki da hantsa. Gindinta kuma yana kallon kudu, don haka a daidai nan za a sa babbar ƙofa mai faɗin ƙafa 6. An buɗe ta, masu jan maraƙi sun sami fili har waje, kuma ta nan ake fitar da saniyar da ta kasa tashi a kan tamfol.

Ɗaurin ƙaho ya zama zarge mai kwancewa da fizga ɗaya, kuma zoben yana ƙasa-ƙasa ne don saniya takan zube tsakiyar ja. Wadda aka ɗaure ta sama da ƙulli, in ta faɗi sai wuyanta ya murɗe. Da ta kwanta a saki ƙyauren nan take. A shingen yamma a bar wata 'yar kafa mai faɗin inci 14 wadda mutum zai iya sulalewa ta ciki a karkace, domin sabuwar mai jego, musamman Rahaji, tana iya kai wa ko mai ita hari.

Komin abinci da na ruwa su zauna a shingen yamma yadda za a zuba daga waje. Rabin durom da aka ajiye a ƙasa cike da ruwa tarko ne: maraƙin da bai iya tsayuwa sosai ba yana faɗawa da ka. A ɗora shi a kan bulo bakinsa ya kai ƙafa biyu da rabi, a ɗaure shi, a naɗe kaifin bakin da tsohuwar taya. Fitilar sola guda biyu, ɗaya a tsakiyar rufi, ɗaya a saman babbar ƙofa tana haska bayan saniya.

Akwatin kaya

A ajiye su a akwati mai murfi a kusa, kada a ari ko ɗaya don wani aiki. Igiya biyu masu laushi, kaurin ɗan yatsa, tsawon ƙafa shida, an tafasa su an shanya an ƙulle a leda. Safar hannu ta leda mai kaiwa kafaɗa, wadda ake samu a shagunan maganin dabbobi. Bokiti biyu, sabulu, Dettol ko Izal. Man santsi na likitan dabbobi, in babu shi man gyaɗa mai tsabta ya fi ruwan omo, wanda ke busar da hanyar haihuwa. Aidin mai ƙarfi, na kashi 7 cikin ɗari, da ɗan kofin tsoma cibiya. Tsummoki wankakku, kwalbar shayarwa mai kan roba, tocila, da ma'aunin zafin jiki. Lambar likitan dabbobi ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a rubuta ta da fenti a bango. Allurar ƙara naƙuda ba ta cikin kayan mai shanu: in aka yi ta alhali maraƙi a karkace yake, mahaifa tana iya yagewa.

Shigar da saniya da sa ido

Cikin saniya kwana 280 zuwa 290 ne. A rubuta ranar barbara, a ƙirga wata tara da kwana goma. Saura mako biyu, a fara ba ta dusa da harawa a cikin rumfar kullum da yamma don ta saba da wurin. In hantsa ta cika ta yi tauri, gabanta ya kumbura yana zubar da yauƙi, jijiyoyin gefen gindin wutsiya suka saki har wurin ya lotsa, to saura kwana ɗaya ko ƙasa da haka. A wanke mata baya da hantsa, a shigar da ita a sake ta. Ba a barin mai naƙuda a ɗaure.

Naƙudar farko, ta kai-komo da ɗaga wutsiya, takan ɗauki awa biyu zuwa shida, karsana ta fi daɗewa. A riƙa leƙawa daga nesa duk rabin awa, ban da taron yara. Bayan faya ta fito, babbar saniya takan haihu cikin awa ɗaya, karsana cikin biyu. In lokacin ya wuce, ko ta yi rabin awa tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya ƙaru, a matse ta a ƙyaure, a wanke, a sa safa a duba. Daidai shi ne ƙafafun gaba biyu, tafin kofato yana kallon ƙasa, hanci a kansu. Tafin kofato yana kallon sama, galibi ta baya yake zuwa. Ƙafa ɗaya, ko kai babu ƙafa, ko wutsiya kaɗai, ba a ja sai an gyara kwanciyar, kuma wanda bai taɓa yi ba ya kira likita tun saniya da sauran ƙarfinta.

Igiya ana zarga ta sama da gaɓar da ke bisa kofato, a sake yi mata ɗauri na biyu a ƙasan gaɓar, don ƙarfin ja ya rabu kada ƙashi ya karye. Mutum biyu kawai. A ja lokacin da take nishi, a tsaya in ta tsaya, ƙafa ɗaya sannan ɗayar har kafaɗu su wuce, daga nan a karkata jan zuwa ƙasa wajen ƙafafunta. Abin da ƙarfin maza biyu bai fitar ba, ƙarin mutane ko babur ko shanun huɗa ba za su fitar da shi lafiya ba. Mai zuwa ta baya kuwa, da ƙugunsa ya fito a hanzarta, saboda cibiya ta matse kuma kansa yana ciki.

Da ya faɗo a share masa hanci da baki, a zaunar da shi a kan ƙirjinsa, a goge shi da ƙarfi da kara. In bai yi numfashi ba a sosa cikin hancinsa da tsinke. Rataye shi ta ƙafa yana danne huhu, a daina. A tsoma cibiya gaba ɗaya cikin aidin, a maimaita bayan awa 12. Da damina a riƙa dubawa kullum saboda ƙuda na sa mata tsutsa. Dakashi shi ne rigakafinsa na farko, kuma hanjinsa yana daina karɓar amfanin cikinsa bayan kwana ɗaya. Ya sha cikin awa biyu na farko, ya samu kamar lita biyu kafin awa shida, ruwa-biyu lita uku. In bai kama da kansa ba a tatsa a ba shi da kwalba. Uwar a ba ta ruwa mai ɗumi bokiti guda ko biyu, da dusa da harawa. Shanun madara ruwa-biyu wani lokaci sukan kwanta su kasa tashi a kwana biyun farko, kunnuwa su yi sanyi, saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam. Wannan aikin likita ne na gaggawa, kuma kada a ɗura mata komai ta baki tana kwance, zai bi ta huhu.

Mabiyiya takan faɗo cikin awa 12. In ta wuce kwana ɗaya a kira likita, kada a ja, kada a rataya mata dutse. A auna zafin jikinta kullum: daidai shi ne 38 zuwa 39, in ya haura 39.5 ko ta daina cin abinci akwai ciwo a mahaifa. In mahaifar ce da kanta ta fito, a rufe ta da wankakken zane mai jiƙe, a juya saniyar kanta ya kalli gangare, a hana ta yawo har likita ya iso.

Bakkale da tsabtar rumfa

Saniyar da ta yi ɓari a wata na shida zuwa na takwas, a ɗauka bakkale ce, wato cutar da ke sa shanu ɓari, har gwajin jini ya nuna akasin haka. Ƙwayar cutar tana cike a ruwan haihuwa da mabiyiya da ɗan da aka zubar, tana kama sauran shanu in sun lasa, tana kuma kama mutum ta hannu ko ta ɗanyen nono, ta zo masa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Don haka ko haihuwar lafiya ce, ba a taɓa mabiyiya da hannu tsirara, mata masu ciki da yara su nisanci wurin, madara kuma a tafasa. A haƙa rami ƙafa huɗu a binne mabiyiyar da shimfiɗar da ta jiƙe, yadda kare ba zai tono ya ja ta cikin garke ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin allurar rigakafin bakkale, wadda likita ke yi wa maruƙa mata tun suna 'yan watanni.

Uwa da ɗa su yi kwana uku zuwa biyar a rumfar in komai lafiya, wadda ta yi ɓari kuwa ta zauna a ware har zubar da take yi ta tsaya. Bayan sun fita a kwashe shimfiɗa duka, a wanke kankare da bango da komi da ruwan Izal, burji a kankare a cika. A bar ɗakin fayau rana da iska su shiga na mako guda kafin wata ta shigo. Tsakanin haihuwa da haihuwa kada a mayar da shi ɗakin jinyar dabba mai zawo ko tari, ko makwancin awaki da tumaki, don zawon da ke kashe maraƙi a makonsa na farko galibi daga ƙasar da aka haife shi a kai yake ɗaukarsa.